Kada Ya Wuce Ashirin da Takwas

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Shekarar da babban tankin ruwan gari ya faɗo ya kwashe rumfunan bakin tasha, a shekarar muka tare a gidan nan, ni da Malama. Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan. Duk wanda ya ce arba'in, ba ya nan aka yi. Ni na buga kwanon gidan da hannuna, ni na rataya ƙofofinsa, kuma ko ido rufe zan nuna maka ƙusar da ta tanƙware a rufin ɗakin yamma, don babban yatsana bai manta da ita ba.

Ban taɓa zama a aji ba. Kafinta ne ni, tun ina ɗan shekara goma nake cikin garin katako. Malama nake ce wa matata, domin ita ta koya mini rubutu ina da shekara arba'in, da tsofaffin littattafan yara. Wannan littafin ma nata ne, a kan akwatinta na same shi. In ta dawo ta ga na ɓata mata, ta yi faɗanta, na yarda.

Yau kwananta tara a asibiti.

Auta ta zo ɗazu. 'Yarmu ce ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage a garin nan, tana aure can ƙetaren gada. Ta zo da wani abu kamar rula, da siririn gilashi a tsakiya da jan zare a ciki. Ma'aunin zafi. Ta buga ƙusa a bangon ɗakin uwarta, daidai saman gado. A karkace ta buga. Ta yanki filasta ta manna a kan lamba ashirin da takwas.

"Baba, likita ya ce jikinta ba zai ƙara ɗaukar zafi irin na ranar nan ba. In komai ya tafi daidai, nan da mako uku za su sallame ta. Zan dawo in duba da idona. In jan nan yana wuce filastar nan da ƙarfe uku na rana, gidana za ta sauka. Ɗaki na nan a ƙasa, har da kai."

Na ce ni ba na kwana gidan suruki. Na ce a ɗakin nan uwarku ta goye ku, ku biyar, ba wanda ya narke.

"Ni dai na faɗa maka, Baba."

Da ta tafi na koma na duba zaren. Talatin da biyar. Da yamma ke nan.

Talata, ƙarfe uku na rana

Talatin da bakwai.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ɗakin ba haka yake ba a da. Akwai wata ƙatuwar bishiya a bayan katanga, ita ke tare rana tun daga tsakarta har faɗuwa. Shekarar da aka faɗaɗa titi suka sare ta, a wuni ɗaya, ina tsaye ina kallo. Tun daga nan bangon yamma ya koma tanderun mai burodi. In ka dafa shi da magariba sai ka ɗauke hannu.

Akwai esi a ɗakin, na'urar sanyaya ɗaki. Babban ɗanmu ya sa mana shekara biyar da suka wuce, kafin ya koma inda yake aiki. Ni ban taɓa son ta ba. Iskar kwalba ce, tana shiga ƙashi. Fanka ta ishi mutum. Haka nake cewa kullum.

Yau na kunna ta. Ta yi gurnani, ta hura wata iska mai warin tsohon akwati, minti goma ta tsaya.

Direba ya leƙo. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya, shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin idonsa ya ce ya gaji.

"A'a! Kafinta, yau kuma iskar kwalbar ake sha?"

"Tsohon banza, in ba ka da aikin yi ka koma gidanka."

"Buɗe mata baki ka gani. Ko mota in ragarta ta toshe ba ta hawa tudu."

Na kashe ta daga soket, na taka kujera, na ɗaga murfin gaba. Raga biyu ne a ciki. Da na zaro su, wallahi na ɗauka bargo aka sa. Ƙurar shekara biyar, da yanar gizo, da busasshen ƙadangare ƙarami. Na wanke su a baho da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, sai da na sake ruwa huɗu. Direba ya ce in shanya a inuwa, rana tana lanƙwasa roba. Na ce na sani. Ban sani ba.

Bai tambaye ni jikin Malama ba. Ya kyauta.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Maigidan da ya koya mini sana'a yana da wata dabara. In yana so ya san ko ƙofa ta zauna, sai ya shiga ɗaki da rana tsaka ya rufe komai ya tsaya a duhu. Duk inda haske ya shigo, nan zafi ke shigowa, nan sanyi ke fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shiga na rufe. Na ƙirga wuri goma sha ɗaya. A ɗakin matar kafinta.

Ƙasan ƙofa, yatsu biyu suna shiga. Na yanki tsohon tib ɗin taya da Direba ya ba ni, na buga a ƙasan ƙofar da ƙananan ƙusoshi, yana sharar ƙasa in an buɗe. Gefen taga na cusa soson tsohuwar katifa, na bi da foti, abin liƙe gilashi. Ramin da bututun esi ya bi ya fita waje, masu aikin sun bar shi har hannun yaro zai shiga. Na cike shi. Na sake rufewa na tsaya. Saura biyu, a kusurwar silin.

Ta ƙasan ƙofar nan sanyi ke shigo mata duk lokacin sanyi. Takan nannaɗe tsumma ta tura da ƙafa. Takan ce, "Ɗan makaranta, ƙofar nan fa." Haka take kirana. Nakan ce gobe. Aikin minti ashirin ne. Yau na duba agogo.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Talatin da shida. Duk wahalar jiya, lamba ɗaya. Esi ta yi minti goma ta tsaya.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti.

Tagogin ɗakin da take na alminiyom ne, da baƙar roba a kewaye. Na bi robar da yatsa, ba ta da tsaga ko ɗaya. Labulensu biyu ne, mai kauri a baya, mai shara-shara a gaba. Silin ɗinsu fari, murabba'i murabba'i, na ƙirga guda tamanin da huɗu. Esinsu ba a jin motsinta. Akwai wata 'yar roba da suka sa mata a hanci, ban duba sosai ba.

Ta ce, "Ka rame."

Na ce aiki ne. Na ba ta labarin ragar da ƙadangaren. Ta so ta yi dariya, sai wata nas ta zo ta gyara mata matashi.

Ta ce, "Na ji an ce farar ƙasa ka saya. Kada ka hau kwanon nan."

Na ce wa ya ce zan hau?

Ta rufe ido. Na zauna ina duban silin har aka ce lokaci ya yi.

A baranda Auta ta tare ni. Ta ce mijinta ya ce a turo ma'aikata su yi mini aikin gaba ɗaya. Na ce a gaishe shi. Na ce ranar da aka ji na mutu, su zo da gudumarsu.

"Baba, ba gasa ake yi ba fa."

Hannun Malama a kan zanen gado ya yi ƙanƙanta. Wataƙila zanen ne ya cika faɗi.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na hau kwanon.

Tun gari bai gama wayewa ba na kwaɓa farar ƙasa a bokiti, na zuba gishiri da ɗan gam irin namu na katako don kada ruwan farko ya wanke ta. Baƙin kwano shan rana yake yi, fari kuwa mayar mata da abinta yake. Wannan ba a littafi na gani ba. Shekarar da aka yi zafin da ya kashe kajin unguwa kaf, wani tsohon magini a bayan layinmu ya shafe rufinsa fari, muna yi masa dariya. Kajinsa kaɗai suka kai damina.

Direba ya riƙe mini tsani, bakinsa bai huta ba.

"In ka faɗo, ni ba zan ɗauke ka ba, bayana ciwo yake."

"Riƙe tsani, makaho."

"Me zan ce wa Malama? In ce mata farar ƙasa ta ci mijinta?"

Na share tsatsa da tsintsiya tukuna, na bi layin ƙusa ina takawa, don nan ne katako yake a ƙasa. Rabin farko lafiya. A rabi na biyu gwiwata ta hagu ta fara rawa, ita kaɗai, ba da shawarata ba. Na zauna a kan kwanon na riƙe ta. Daga can ana hango gada, da dogayen gidajen ƙetare. Ban tsaya neman gidan Auta a cikinsu ba.

Na gama shafi ɗaya kafin kwano ya ɗau zafi. Gobe na biyu.

Da na sauko Direba ya daina wasa. Ya ce, "Fuskarka ta yi toka." Na ce farar ƙasa ce.

Talata, ƙarfe uku na rana

Talatin da huɗu. Yana saukowa. Yana saukowa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na leƙa saman silin da tocila. Zafin da ya bugi fuskata sai da na ja baya. Sai na tuna. Akwai ramukan iska biyu a saman bango, gabas da yamma, tun ginin farko. Ni na toshe su da bulo shekarar da jemagu suka addabe mu. Jemagun sun tafi, zafi ya zauna, shekara goma sha bakwai ba shi da hanyar fita. Na fasa bulon, na buga ragar waya a madadinsa. Na sa hannu a ramin yamma, na ji iska mai zafi tana fita kamar numfashin saniya.

Na liƙe kusurwoyin silin biyun nan. Na kafa wa tagar yamma rumfa ta waje da tamfol, na bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango don iska ta wuce. Labulen ciki ba ya hana komai in rana ta riga ta taɓa gilashi. A waje ake tare ɓarawo.

Da asuba ina buɗe tagogi duka, ƙarfe takwas in rufe, in saki labule. Na cire tsohon ƙwan fitilar nan mai ƙona hannu na sa farin.

Auta ta kira. Ta ce an canja wa uwarta magani. Na ce mata na buɗe ramukan iska. Ta ce, "Baba, ka ji abin da na ce kuwa?" Na ce na ji.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Talatin da biyu, kuma nan ya tsaya. Esi minti goma, ta mutu. Direba ya ce a kira mai gyara. Na ce na'urar da na wanke da hannuna wani zai zo ya koya mini?

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Talatin da biyu.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Direba ya kawo mai gyara ba da sanina ba. Dattijo ne mai furfura a gemu, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya duba ta ciki ya ce raga fes, wa ya wanke? Na ce ni. Ya ce, "Ina injin waje?"

Na kai shi bayan ɗaki ina jin daɗi, don a nan ne zai ga aiki. Makon da aka sa esin nan na yi wa injin waje akwati. Ko ba na son abu, ba na barin dukiyar ɗana a rana. Katako mai kyau na zaɓa, haɗin haƙori, ba ƙusa ko ɗaya a fuska, fenti shafi uku, da ƙofa da kwaɗo. Rana ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, hannun ɓarawo ba ya shiga.

Mai gyara ya tsaya ya dube shi. Ya zagaya. Ya shafa haɗin da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wallahi aiki ya yi kyau. Ban taɓa ganin akwatin gawa mai kyansa ba."

Direba ya fashe da dariya har da riƙe katanga.

Mai gyara ya ce, "Kada ka ji haushi, Baba. Injin nan aikinsa ya kwaso zafin ɗaki ya zubar a waje. Kai kuma ka rufe shi ruf. Ya zubar, ya sake shaƙa, ya zubar, ya sake shaƙa. In ya ji zai ƙone sai ya kashe kansa. Kamar ka sa wa mutum buhu a ka ne ka ce ya yi gudu. Tun yaushe yake haka?"

Na ce shekara biyar.

"To ko an kunna ta, ba ta taɓa sanyaya ɗakin nan ba."

Na ce ba a cika kunnawa ba.

Ya ce zai cire akwatin. Na ce ba wanda zai taɓa shi. Wanzami ba ya son jarfa. Na ɗauko guduma da kurfi na kwance shi da kaina, allo allo. Na bar rufin kawai a kan ƙafafu huɗu, sama da injin da kamu biyu, ko'ina a buɗe. Mai gyara ya wanke bayan injin da ruwa a hankali, ya share ganyen da ya taru. Ya ce ko tukunyar fure kada a ajiye kusa da shi.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Ashirin da shida!

Na kira Direba ya gani, ya ce idonsa ba ya gani, na kama yatsansa na ɗora a ƙasan filastar. Mun zauna a ɗakin kamar yara har ya fara atishawa. Ashirin da shida. Malama za ta dawo ɗakinta.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Rimot ɗin esi yana aljihuna ranar nan da zafi ya kayar da Malama. Da shi na fita wajen Direba. Awa uku muka yi muna hira.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Sun ɗauke wuta tun sha biyu. Talatin da biyu.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ma, sha biyu daidai. Masu shago sun ce karɓa-karɓa aka fara saboda zafi, layinmu ba wutar rana har sai ruwa ya sauka. Yaushe ruwa zai sauka? Ba wanda ya sani. Mun jawo ƙaramin janaretan Direba, muka haɗa esi, ya yi tari biyu ya mutu. Fanka kawai yake ɗauka, fanka kuwa juya zafin take yi.

Gidan Auta suna da sola.

Na rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Na yayyafa ruwa a daɓe. Talatin da biyu ya koma talatin da ɗaya, bayan rabin awa ya koma inda yake.

Na sauke ma'aunin in goge shi, wai ko ƙura ce. Sai aka yi sallama, na ajiye shi a kan jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, a lungun baranda. Da na dawo na ɗauka, ashirin da biyar. Na mayar da shi ƙusarsa na tsaya ina kallo. A hankali yake hawa. Sai da ya ɗau wajen minti shida kafin ya taɓa filastar.

Ban yi komai ba. Gani kawai na yi.

Auta ta kira ta ce gobe za ta zo, ƙarfe uku.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ta zo.

Na san ƙarar motarta tun daga kwana. Kafin ta kashe inji na gama abin da zan yi.

Ta shigo tana fifita da gyale, gumi har wuya. Rana a waje kamar ta fasa dutse. Na tsayar da ita a tsakar gida? A'a. Kai tsaye na ja ta ɗakin. Duhu, labule a sake, daɓe a jiƙe.

"Kai! Baba, ɗakin nan ya canja."

"Duba abinki."

Ta haska da waya. Ta matsa kusa. Ta sake dubawa.

"Ashirin da bakwai. Kuma babu wuta?"

"Babu."

Ta ɗauki hotonsa. Na ce zo ki ga rumfar da na yi wa taga. Na fito da ita, na nuna mata kwano fari, da ramukan iska, da injin waje, da robar ƙasan ƙofa. Na yi ta zuba kamar mai tallar magani. Ban bari ta koma ciki ba.

A bakin mota ta tsaya. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Na ɗauka taurin kai ne kawai. Na ce wa mijina ba za ka iya ba." Sai ta fara kuka, ta kama hannuna mai fasasshen farce ta riƙe. Rabon da ta riƙe hannuna tun tana 'yar firamare, ina ƙetarar da ita titi.

Ta ce Juma'a da yamma za a sallami uwarta. Nan za su kawo ta.

Na koma ɗakin. Talatin da uku.

Direba yana zaune a kan dakalinsa lokacin da na fito. Ya ce, "An ci?" Na ce an ci. Ya ce, "Babu wuta?" Na ce babu. Ya daɗe yana duban wajen da nake da idon nan nasa da ba ya gani. 

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Asibiti. Sun cire mata robar hanci. Tana zaune, an jingina ta da matashi biyu. Auta ta riga ta nuna mata hoton, ta nuna wa likita.

Ta ce, "Ɗan makaranta, an ce ka ci jarrabawa."

Na ce uhm.

"Ka hau kwanon ko?"

Na ce na hau.

"Na sani." Ta yi murmushi. "Na ƙosa in kwanta a gadona. Nan ko barci ba ya daɗi."

Ta roƙi ruwa. Na miƙa mata kofi, ta riƙe da hannu biyu, duk da haka ya zube mata a ƙirji. Daga kan gado zuwa bakin ƙofa taku shida ne, nas ta ce jiya ta yi shi, sai da ta huta sau biyu.

Yau ban ƙirga silin ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙarfe biyu na shiga ɗakin na rufe ƙofa na kwanta a gadonta, a gefenta, inda kanta ke zama. Na ce bari in ji abin da za ta ji. Babu wuta. Na yi duk abin da na sani, labule, jiƙaƙƙen zane, ruwa a daɓe.

Minti ashirin na farko ba laifi. Daga nan matashin ya jiƙe. Iskar ta yi nauyi, kana ja kamar ta cikin tsumma. Na ji zuciyata a kunne. Ni da nake da ƙarfin hawa kwano. Na ɗaga ido, jan zaren yana saman kaina, ya wuce filastar da faɗin yatsa biyu.

Daga nan ana ganin wurin da na same ta ranar nan, tsakanin gado da ƙofa. Taku uku ne. Ba ta kai ba.

Na yi niyyar in kai ƙarfe huɗu. Uku da kwata na fito na zauna a baranda ina haki kamar kare.

Ɗakin ya fi da, wannan gaskiya ne. Daga talatin da bakwai zuwa talatin da biyu, da hannuna, ba da na kowa ba. In ruwa ya sauka, ko wuta ta daidaita, ba ɗakin da zai fi shi a layin nan, kuma lokacin sanyi ba za ta ƙara tura tsumma a ƙofa ba. Amma gobe ce Juma'a, ba damina ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Direba ya aiko mini da abinci, ban ci ba. Na shiga wajensa na ce gobe zan bar masa mabuɗi. Ya riƙa buɗe tagogin da asuba, ya rufe ƙarfe takwas, kada ɗakin ya manta abin da aka koya masa.

Ya ce, "Ina za ka?"

Na ce ƙetaren gada.

"Gidan suruki?"

"In ka yi dariya zan fasa maka baki."

Bai yi ba. Ya ce, "Kwana nawa?" Na ce sai ruwa ya sauka. Ya ce Allah ya kawo shi da wuri. Na ce amin.

Na haɗa kayanta a akwati, zannuwa huɗu, da tabaranta, da matashin da ta saba. Nawa ba su da yawa. Na sa awo da guduma da ragowar robar taya, don ban yarda da ƙofofin gidan nan nasu ba, masu kuɗi ba su san ƙasan ƙofa ba.

Gobe motar farko zan bi, in isa kafin Auta ta fita aiki. In mijinta ne ya buɗe, zan gaishe shi yadda ya kamata. Sannan zan gaya mata maganar randa, da ta rimot, tun ina tsaye a bakin ƙofa da akwati a hannu, kafin ta ce Baba shigo ka zauna. In na zauna ba zan iya ba.